Korar Gubar Kuromiyam daga Ƙasa da Wutar Lantarki

 

Wata ranar rani bayan la'asar, na tsaya a bakin wata magudana da ke bi ta bayan masana'antu a nan Kano. Ruwan shuɗi-shuɗi ne mai ratsin toka, yana tashin warin ruɓaɓɓen ƙwai. Gaba kaɗan, wani dattijo ya jefa tiyo a cikinsa ya tayar da inji, yana shayar da latas da alayyafo. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ruwan nan ba ya ba ka tsoro?" Ya ce, "Ɗana, wanne nake da shi in ba shi ba? Kuma ka ga ganyen, ko taki ba na sa masa." Sai ya yi shiru, ya dunƙule ƙasa a hannunsa yana murzawa, ya ce, "To in an daina sako shi, gonar za ta warke?"

Tambayar nan ce ta kawo ni gabanku. Warin zai tafi. Gishirin da ruwan ya bari ma damina biyu ko uku za su rage shi. Amma akwai wani ƙarfe a cikin ƙasar da ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa, ba ya tsufa. Jikan wannan dattijo zai tarar da shi inda aka bar shi, sai fa in an fitar da shi da gangan. Sunansa kuromiyam.

Wani masanin haɗa sinadarai Bafaranshe, Louis Nicolas Vauquelin, shi ya gano shi a 1797 cikin wani jan dutse da aka haƙo a Siberiya. An raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin launi, domin gishirinsa kala-kala ne: akwai rawaya, akwai ruwan goro, akwai kore. Kullum muna tare da shi. Shi ne ƙyallin bambar tsohuwar mota da na salansar babur, shi ke hana cokali da tukunyar silba tsatsa. Kuma da shi ake jeme mafi yawan fatun duniya a yau.

Iyayenmu majema da bagaruwa suka san jima. A jiƙa fata, a tuje gashi da toka, a tsoma ta a ruwan bagaruwa ta kwana da kwanaki tana sha. Da wannan aka jeme fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da ta ratsa Sahara, har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Jimar kuromiyam kuwa, wadda ta kankama a Amurka bayan 1884, cikin yini guda take gama aikin, fata ta fito shuɗiya mai laushi, wadda ma'aikata ke kira wet-bulu. Sai dai fata ba ta shanye maganin duka. Kusan kashi ɗaya cikin uku yana saura a ruwan jima, idan ba a tare shi ba ya bi kwata. Daga Sharaɗa da Calawa ya gangara Kogin Calawa, daga Bompai ya bi Getsi ya faɗa Jakara, kuma a gefen waɗannan ruwaye ake noman rani.

A nan sai ku ba ni hankalinku, domin duk laccar ta rataya a kan wannan gaɓa. Kuromiyam fuska biyu gare shi, masana na kiran su mai uku da mai shida. Mai uku shi ne na jima. Ba ya son narkewa a ruwa, yana maƙale wa ƙasa ya kwanta, kuma da ƙyar yake ratsa jikin ɗan Adam. Mai shida kuwa ɗan yawo ne. Yana narkewa, ya rina ruwa rawaya, ya bi shi har rijiya. Jikinmu na ɗaukarsa kamar wani gishiri da ya saba da shi, sai ya buɗe masa ƙofa. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta huhu ga mai shaƙar ƙurarsa. Yana cin fata ya bar gyambo, yana huda guringuntsin hanci, yana taɓa ƙoda. Ɗan kaɗan ɗin da ke cikin siminti na daga abin da ke sa hannun wasu magina ƙaiƙayi da tsagewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a kowace litar ruwan sha. Ku lissafa: giram ɗaya tak, abin da bai cika kan ƙaramin cokali ba, ya isa ya kai lita 20,000 wannan iyaka. Jarka 800 ke nan ta 'yan garuwa, mai cin lita 25. A garin Hinkley na Kalifoniya, wani kamfanin gas da lantarki ya riƙa zuba ruwa mai ɗauke da mai shida a kududdufai marasa daɓe daga 1952 zuwa 1966. Shari'ar da ta biyo baya ta ƙare a 1996 da diyyar dala miliyan 333, kuma har yau ana fama da ruwan ƙarƙashin garin.

Wani zai ce, to namu ai mai uku ne, mai barci. Haka ne, amma mai barci yana farkawa. Tun 1979 wasu masana ƙasa biyu a Amurka, Bartlett da James, suka nuna cewa wani baƙin sinadari mai suna manganis, wanda ake samu a ƙasar gona, yana juya mai uku ya koma mai shida. Wuta ma na yin haka. Duk juji da aka tara ɓarɓashin wet-bulu aka cinna masa wuta, to ana iya toya guba mai barci ta tashi mai yawo, ruwan sama ya zo ya tafi da tokar. Ban da haka, masu shafa wa ƙarfe ƙyalli da masu wasu fenti da magungunan katako, mai shidan suke amfani da shi kai tsaye.

Ya ake raba ƙasa da irin wannan? Hanya ta farko mun gan ta a Zamfara, bayan annobar gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara aƙalla 400. A ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, daga baya Bagega, an kankare saman ƙasar gidaje aka binne a rami, aka kawo mai tsabta aka shimfiɗa. Aikin ya ceci rayuka, domin dalmar a sama take. Amma gubar da ta nutse mita biyu ko uku, ko ta shige ƙarƙashin gini, ba ta kankaruwa da shebur. Hanya ta biyu ita ce a tura ruwa ya wanke. A jigawa mai rairayi yana yiwuwa. A laka da yumɓu kuwa, duk wanda ya ga yadda kududdufi ke riƙe ruwa har tsakiyar rani ya san ruwa ba ya ratsa su. Zai nemi tsaga ya bi, ya bar gubar a inda take. Wurin da ruwa ya gaza, nan lantarki ya fi nuna kansa.

Asalin abin tsoho ne. A 1807, wani Bajamushe da ke koyarwa a Jami'ar Mosko, Ferdinand Reuss, ya sa wutar batir a cikin jiƙaƙƙen yumɓu, sai ya ga ruwa na tafiya da kansa daga wannan waya zuwa waccan. A ƙarshen shekarun 1930, injiniya Leo Casagrande ya yi amfani da wannan a Jamus wajen tsotse ruwa daga laka, don kada gefen hanyar jirgin ƙasa ya zaftare. Sai a ƙarshen shekarun 1980 wani kamfani a Holan ya fara kafa sanduna a filayen da masana'antu suka ɓata don fitar da dalma da tagulla da makamantansu. A 1993 kuma masana a Amurka, irin su Yalcin Acar da Akram Alshawabkeh a Luwiziyana, suka shimfiɗa ƙa'idojin aikin a rubuce.

Bari in nuna muku abin a kan teburi, yadda muka yi da ɗalibai. Mun samo bututun roba garai-garai, tsawonsa santimita 20. Muka kwaɓa farin yumɓu da ruwan kuromiyam mai shida har ya yi rawaya kamar an zuba masa kurkum, muka ɗura a ciki. A kowane baki muka sa ɗan kofin ruwa, muka tsoma baƙar sandar gawayin nan da ke tsakiyar batirin tocila. Ɗaya muka ɗaura mata jar waya, ɗaya baƙar waya, muka ba su bolt 20, wato bolt ɗaya ga kowane santimita. Wutar irin ta batir ce mai tafiya hanya ɗaya. Ta gidan wuta ba ta yin wannan aiki, domin kai-komo take yi sau 50 a daƙiƙa, abin da ta tura gaba za ta dawo da shi.

Ranar farko babu abin gani sai 'yan ƙananan kumfa a jikin sandunan. Da muka dawo bayan 'yan kwanaki, ɓangaren baƙar waya ya koɗe ya fara komawa farinsa, rawayar ta tattaru can wajen jar waya, ruwan kofin wannan gefe ya rine. Wata ɗaliba ta ɗebi ɗigon ruwan, ta zuba masa maganin gwajin da ke juyewa shunayya idan ya haɗu da mai shida, nan take ya juye. Ta ɗago ta ce, "Malam, wallahi tafiya ya yi!" Tafiya kuwa ya yi, a cikin yumɓun da ko ka wuni kana matsa masa ruwa ba zai wuce ba. Ina roƙon matasa kada wani ya gwada wannan a gida. Da safar hannu da tabarau muka yi, kuma ruwan da ya fito ba a kwata muka zubar ba.

Me ya faru a cikin bututun? Duk gishirin da ya narke a ruwa yana rabuwa zuwa ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da caji, wasu mai alamar tarawa, wasu mai alamar ɗebewa. Kowanne kuma kishiyarsa yake nema. Mai shida cajin ɗebewa gare shi, don haka yana nufar sandar jar waya. Mai uku cajin tarawa gare shi, sai ya nufi baƙar waya. Shi kuma ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin yumɓu, kamar yadda Reuss ya gani, daga ja yake tafiya zuwa baƙa. Ke nan mai shida gaba da ruwa yake yi, kamar kifi mai hawan kogi, kuma yana cin nasara saboda jan da wuta ke yi masa ya fi ƙarfin gangarar ruwan nesa ba kusa ba. Lantarki makiyayi ne: ba ya yanka ko dabba ɗaya, kora garken yake yi zuwa shinge. A fili, shingen shi ne rijiyoyin da aka haƙa aka zura sandunan, inda ake zuƙo ruwan da gubar ta taru a ciki.

Da abin ya tsaya nan, da an gama. Amma mun maimaita gwajin da jar ƙasar gona, sai rawayar ta taso, ta yi nisa, ta cije kafin ta kai. Dalilin yana hannun kowace uwa da ke cikin wannan zaure. Iyayenmu mata sun san idan yakuwa ta yi tsami, kanwa ake jefa mata ta kashe shi. To wuta na raba ruwan da ke jikin sandunan biyu. A wajen jar waya tsami take haifarwa, har ma'aunin da ake kira pH ya sauka wajen 2, kamar ruwan lemun tsami. A wajen baƙar waya kanwa take haifarwa, ya hau wajen 12. Sai rundunonin biyu su shiga ƙasa suna tunkarar juna, kuma ta tsami ta fi sauri kusan ninki biyu.

Ga inda gizo ke saƙar. Mai shida yana son ƙasa mai kanwa, a nan yake sakin jiki ya yi tafiya. Amma inda wuta ke kai shi, wato wajen jar waya, can ne tsami ya fi yawa. Da ya shiga yankin tsami sai ya manne wa tsatsar ƙarfen da ke ba jar ƙasarmu launinta, wani kuma ya juye ya koma mai uku. Shi kuma mai uku sai da tsami yake narkewa, ga shi wuta na kai shi wajen kanwa, yana isa can ya daskare ya toshe hanya. Kowannensu ana kora shi zuwa inda ƙafarsa za ta kafe. Krishna Reddy da abokan aikinsa a Jami'ar Ilinoyi da ke Cikago sun gwada wannan a ƙasa iri-iri tun shekarun 1990, suka ga a ƙasa mai farar ƙasa, wadda ke shanye tsami, mai shida ya fi tafiya salin-alin.

Saboda haka rabin gwanintar wannan aiki girki ne. Mai korar mai shida zai riƙa ɗiga ruwan kanwa a rijiyar jar waya don ya kashe tsamin tun daga tushe. Mai korar mai uku zai ɗiga asid mai sauƙi, irin na lemun tsami, a rijiyar baƙar waya. Akwai masu zuba bilic don su tayar da mai uku ya koma mai shida, tunda shi ya fi gudu. Wannan ni ba na goyon bayanta a gonakinmu. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ko ruwan sama ya sauko, ka saki guba mai yawo a kan rijiyoyin mutane. Garin gyaran gira an rasa ido. Wata dabarar da ta fi kwanta mini ita ce a sa sandar baƙin ƙarfe a wajen jar waya. Wuta za ta riƙa cinye ƙarfen a hankali, narkakkensa ya shiga ƙasa ya tari mai shida, ya mayar da shi mai uku, ya ɗaure shi cikin tsatsa. Ba a fitar da shi ba, amma an cire masa ƙafa.

An fita da wannan aiki daga ɗakin gwaji. A 1996, cibiyar bincike ta Sandia da ke Albakarki a jihar Niyu Meziko ta gwada shi a wani tsohon rami da aka daɗe ana zuba asid ɗin kuromiyam. Wurin ya kamata ya ja hankalinmu, domin ƙasa ce mai rairayi a busasshen yanki. Wuta ba ta tafiya sai da danshi, amma in ka zuba ruwa da yawa ka tura gubar ƙasa. Sai suka sa kowace sanda a cikin tulun yumɓu mai tsatsafo, suka riƙe ruwan ciki da zuƙo, yadda zai taɓa ƙasa ba tare da ya malale ba. Kuromiyam ya fito. Amma bayan watanni ana aiki, abin da aka tara bai kai kilo ɗaya ba. A 1998 kuma aka gwada a sansanin sojan ruwa na Point Mugu a Kalifoniya, a wata fadama mai gishiri a bakin teku. Can gishirin ne ya ba da wahala: yana kwashe kaso mai yawa na wutar, yana kuma tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi a wajen jar waya. Wannan darasi namu ne kai tsaye, domin da gishiri ake adana ɗanyar fata, ruwan majema kuwa cike yake da shi. Ku ƙara da tsofaffin ƙarafa da bututun da aka binne, waɗanda wuta za ta bar ƙasa ta bi ta jikinsu.

Na faɗi waɗannan ne don kada wani ya fita daga nan yana cewa an samo maganin fadamar Jakara. Kadada ɗaya, zurfin mita ɗaya, ƙasar da ke ciki ta kai wajen tan 15,000. Ba mai kafa sanduna a dukan wannan, kuma gubar tana tafiyar 'yan santimitoci ne a yini. Wurin wannan aiki shi ne inda gubar ta yi kauri a ƙaramin fili: tsofaffin ramukan da ruwan jima ya kwanta, ƙarƙashin jujin ɓarɓashin fata, bayan shagon masu shafa wa ƙarfe ƙyalli, gindin ginin da ba ya haƙuwa, musamman in da rijiya a kusa. Waɗannan su ne uwayen gubar, su ke shayar da sauran ƙasa duk damina.

Kuma a nan muna da abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa. Wuta na cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi a wannan aiki, ga shi farantin sola irin wutar da ake buƙata yake bayarwa, mai tafiya hanya ɗaya, ba sai an sayi inbata ba. An gwada haɗa su a Sin, abin ya yi aiki. Da dare aikin zai tsaya, da hantsi ya ci gaba, guba ba ta komawa inda ta fito cikin dare ɗaya. Muna da rana. Muna da samarin da suka ƙware a haɗa sola a kowace unguwa, da masu haƙa burtsatse, da magina tukwane da za su iya gina mana tulun nan mai tsatsafo. Muna da jami'o'i, da cibiyar binciken fata da ke Samaru a Zariya.

Ruwan da aka zuƙo kuma sai an san inda za a kai shi. Ana zuba masa gishirin ƙarfe ya mayar da mai shida mai uku, a bi shi da farar ƙasa ya kwanta kamar dusa, a tace, a adana a rami mai daɓe. Irin wannan kwantarwar ce masana'anta za ta iya yi wa ruwan jimarta tun kafin ya fita ƙofa, ta narkar da abin da ya kwanta ta sake jima da shi, ta rage kuɗin magani. Dokar hukumar NESREA ta 2009 kan masaƙu da masana'antun fata ta riga ta wajabta tace ruwa kafin a sake shi. Babu ma'ana a kafa sanduna a ƙasa alhali kwata na ci gaba da kawowa. Ita ma gonar da aka yi wa aikin tana fitowa a gajiye, domin wuta ba ta bambance guba da abincin shuka, tana kore su tare. Gefe ɗaya zai yi tsami, ɗaya ya yi kanwa, sai an gauraya, an bi da toka da takin gida kafin a sake shuka.

Abin da nake nema a wurin shugabannin da ke zaune a nan ba shi da yawa. A ba ɗalibai kayan gwaji su bi Calawa da Sharaɗa da Getsi, su ɗebo ƙasa daga sama da kuma daga zurfin mita ɗaya da biyu, sau ɗaya a ƙarshen damina, sau ɗaya a tsakiyar rani. Kada su tsaya ga auna jimlar kuromiyam, su raba mana mai uku da mai shida, su auna gishiri da tsami da manganis. Inda mai shida ya fi yawa, a killace fili taku biyar-biyar, a kafa sanduna, a ɗora faranti huɗu ko shida, a bar shi rani guda ana aunawa duk mako, a buga sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Majema su zo su gani, manoman wurin su riƙe mabuɗin shingen. Dattijon nan mai latas na yi masa alkawarin zan koma da amsa, kuma ina so in koma da takardar awon gonarsa a hannuna.